Kafin ku jona oba-oba da akwatin maganar tsohuwar motar soja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da ƴan uwana masu rewaya da masu gyaran rediyo, da kuma iyayen gidanmu masu sayen tsofaffin motocin sojan Turai na gwanjo, irin manyan DAF da MAN da Marsandi ɗin nan da ake sake wa fenti a sa su ɗaukar yashi ko janyo injin haƙa burtsatse. Wani lokaci mota takan zo da wasu ƙananan akwatuna koraye a manne cikin kanta, da wayoyi masu kauri da soket masu ƙafafu da yawa, to abu biyu ne nake gani ana yi da su kuma duka biyun asara ne, ko dai a yanke a sayar wa ƴan gwangwan a kan kuɗin jan ƙarfe, ko kuma a samu wani mai karambani ya ce ai rediyo ce, ya kawo oba-oba ta kasuwa ya jona kai tsaye, kafin kace me hayaƙi ya tashi.

Wannan akwatin fa ba rediyo bane. Na'urar magana ce ta cikin mota, direba da na gefensa da na baya kowa ya sa abin kunne mai makirufo su yi magana ba sai an ɗaga murya ba, ta waya take tafiya ba ta iska ba. Amurkawa nasu da ya fi yawa a gwanjo shine AN/VIC-1, uwar akwatin ana ce mata AM-1780, ƙananan da ake sa wa kowane mutum a kujerarsa kuma C-2298. Turawan Ingila nasu yana cikin tsarin Clansman da suka fara aiki da shi a 1976, da suka koma sabon tsari mai suna Bowman sai kayan Clansman suka cika kasuwa. A Ingila da Amurka akwai mutane masu sha'awar tara motocin soja, su sayi Land Rover ta soja ko babbar motar ɗaukar kaya M35, kuma tun 2014 aka fara yi wa farar hula gwanjon motar soja Humvee a Amurka, amma rediyon sojan an cire kafin a sayar, shi yasa suke ta fama da yadda za su sa rediyon farar hula a gurbinta. Duk wanda ya taɓa zama a gaban irin motocin nan ana tafiya ya san dalilin sa akwatin maganar, ƙarar inji bata barinka ka ji na kusa da kai balle ƴar sifikar oba-oba.

Wajen haɗa rediyo da akwatin nan, wuta ita ce matsala ta farko. Motar soja bolt 24 ce, in inji na aiki ma tana kai 28, akwatin maganar haka yake so, rediyon magana ta mota ta farar hula kuwa 12 take ci zuwa 13.8. Dabarar da yaranmu suka saba ita ce su ɗauki wuta daga batir ɗaya cikin biyun da aka haɗa suka bada 24, wai ai 12 ne. Don Allah a daina. Batir ɗaya zai dinga zuƙewa ɗayan yana cin caji fiye da kima har su mutu tare, in kuma tsautsayi ya sa daga batirin sama, wato wanda ba a ɗaure da bodi ba, aka ɗauka to ranar da aka ɗaura eriya a jikin mota an haɗa batirin ƙasa da bodi kenan ta cikin wayar eriyar, sai narkewa. A sayi kwanbata mai sauke 24 zuwa 13.8, a sa fiyus kusa da batir, kuma a duba ƙarfinta domin rediyo mai wat 50 tana jan sama da amfiya 10 lokacin da ake magana.

Sai murya, a nan ne aikin yake. Makirufon soja irin na wayar hannu H-250 mai maganaɗisu ne, om 150, baya buƙatar a bashi wuta. Na oba-oba irin su Baofeng ɗan ƙaramin nan ne mai buƙatar ƴar wuta daga rediyon kafin ya yi aiki, to kaga in ka haɗa kai tsaye wutar nan zata bi ta koma cikin akwatin, sannan ƙarfin muryar da akwatin ke fitarwa ba daidai yake da abinda rediyon ke jira ba, ko a ji ka can ƙasa-ƙasa ko muryar ta fashe. Abinda masu hankali suke yi shine su haɗa ɗan akwati na tsakiya, ƙaramin taransifoma na murya a layin makirufo, wani a layin sifika, kafasita ta tare wutar, da ɗan maɓallin murzawa na daidaita ƙarfi. Taransifoman layin sifikar kar a raina shi, rediyon mota da yawa wayoyin sifikarsu guda biyu duk masu rai ne, babu wacce aka yarda ta taɓa bodi, shi kuwa tsarin soja ƙafa ɗaya a bodi take, kana jonawa aisin murya, wato ɗan abin da ke ƙara sauti a cikin rediyon, ya ƙone. Maɓallin dannawa a yi magana kuma a bi da shi ta rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, kar a haɗa shi tsirara. Masu rediyon CB, wato rediyon magana ta farar hula, su lura, da yawansu in ka zare makirufo sifikar ma shiru take yi saboda ta cikin maɓallin makirufon layin yake zagayowa, don haka rilen dole ya zama mai hanya biyu, in ya saki wannan ya kama wancan. Da yawa an yanke wa rediyo hukuncin ta lalace alhali lafiyarta ƙalau, wannan ne kawai.

Eriya kuwa ita ce mai kisan mummuƙe, don ba hayaƙi ba ƙauri, rediyo zata yi kamar tana aiki tana cin kanta a hankali. Doguwar bulalar nan ta soja mai kusan mita 3, AS-1729 da gindinta MX-6707, an yi ta ne don megahaz 30 zuwa 76, ta Clansman irinta ma a wannan zangon take. CB tana kan 27, ta faɗo ƙasa da ita, Baofeng UV-5R kuma tana 136 zuwa 174 da 400 zuwa sama, ta wuce ta nesa. Mutane suna ganin tsawo sai su ɗauka ƙarfi ne, alhali a kan 145 eriyar da ta dace ƴar santimita 50 ce. In eriya bata dace ba wutar da rediyo ta tura dawowa take yi ta dafa tiransistan ƙarshe. Mitar SWR, mai auna dacewar eriya da rediyo, ba tsada gareta ba in aka kwatanta da kuɗin rediyo, in ta nuna ƙasa da 2 a ci gaba, in ta kai 3 a saki maɓalli. Ni a ganina a bar ta soja a matsayin ado ko a cire, a ɗaura eriyar da aka yi wa rediyon. Kuma wanda ya samu Land Rover kar ya ɓata kuɗinsa kan eriya mai gindin maganaɗisu, jikinta alminiyam ne bata kamawa, sai an huda an ɗaure an kankare fenti ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Abinda ya fi damuna shine doka, don halin da ake ciki a Arewa kowa ya sani, oba-oba a hannun farar hula a shingen bincike ba ƙaramar magana bace, balle a ganta jone da koren akwati mai rubutun soja. Akwatin maganar shi kaɗai baya watsa komai a iska, amma da ka haɗa masa rediyo ka shiga hurumin hukuma, zangon iska na kasuwanci hukumar sadarwa ta NCC ce ke bada lasisinsa, kayan da suka shafi soja kuma shigo da su sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. In kuma motar ta zo da ragowar rediyon soja mai aiki, wallahi kar a kunna a ce gwaji ake, a kai rahoto. Masu kamfanin burtsatse da kwasar dutse sune zasu fi kowa morar akwatunan nan, mai kula da kwamfresa da direba su dinga jin juna, amma su ajiye takardun kwastan da na lasisi a cikin motar.

Roƙona gareku Edita, ku tura wakilinku Abuja ya zauna da mutanen NCC da ma'aikatar sadarwa su yi bayanin yadda ake neman lasisin oba-oba na kamfani da na masu sha'awar rediyo, waɗanda lambar kiransu ke farawa da 5N a Najeriya, 5U a Nijar, ku buga mana shi da Hausa dalla-dalla har da inda ake kai takarda. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai gyaran rediyo da wayarin mota, daga Kano