Hoton ma'aikata 11 a kan ƙarfe: abin da masu tura shi ba sa faɗa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani tsohon hoto da yake ta yawo a Facebook da WhatsApp tun da rayuwa ta yi tsadar nan, kusan duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa cin karo da shi. Hoton nan ne baƙi da fari na wasu maza 11 da suka jeru a kan doron ƙarfe guda can sama, ƙafafu na reto, gari ya bazu a ƙarƙashinsu, su kuwa suna cin abincin rana hankali kwance. Na ƙarshe ta hagu yana kunna sigari daga na kusa da shi, na ƙarshe ta dama riƙe da kwalba yana kallon mai hoto. Masu turawa sai su ɗora rubutu a ƙasa wai ka dubi maza, kai kana kwance kana kukan babu. To wannan rubutun ne ya dame ni, don a ganina an juya wa hoton magana.

An ɗauki hoton ne ranar 20 ga Satumba 1932 a birnin New York na Amurka, a hawa na 69 na wani dogon bene da ake ginawa a lokacin, wanda a da aka fi sani da ginin RCA a cikin rukunin gine-ginen Rockefeller, tsayin wurin ƙafa 850, wajen mita 260 ke nan daga ƙasa. Jaridar New York Herald Tribune ta buga shi ranar 2 ga Oktoba na shekarar. Yanzu sai a tambaya, wane hali Amurka take ciki a 1932? Kasuwar hannun jari ta rushe tun Oktoba 1929, bankuna dubbai sun durƙushe da kuɗin ajiyar mutane, masana'antu suna ta rufewa, har aka kai kusan mutum 1 cikin 4 na masu neman aiki ba shi da abin yi. Magidanta da kwat da hula suna bin layi don a ba su burodi da miya kyauta. Wancan babban lambun Central Park da ake hangowa dishi-dishi a bayan mutanen, a cikinsa ma waɗanda aka kora daga gidajen haya sun kafa bukkoki na kwano da katako, kuma irin waɗannan unguwannin bukkoki sunan shugaban ƙasa na lokacin, Herbert Hoover, aka laƙaba musu don a yi masa ba'a.

Ka ga kenan Malam Edita, mutumin New York da ya buɗe jarida a wannan ranar ta Lahadi ba tsayin benen ne kaɗai ya tsaya masa a rai ba. Abin da ya gani shi ne ga mutum 11 da suka tashi da safe suna da wurin zuwa, kowa da ƙunshin abincinsa a cinya, ƙarshen mako kuma za a biya su. A shekarar da mutane ke bin layin burodi, wannan ƙunshin abincin shi ne labari wallahi, ba jarumtar zama kan ƙarfe ba. Waɗanda ke ƙasa ba ragwaye ba ne, da an kira su da gudu za su hau, aikin ne babu. Shi ya sa nake cewa wanda ya tura hoton don ya gorantawa matashin da ya gama digiri ya rasa aiki, ya ɗauki hoton a baibai.

Kuma fa aikin ba daga sama ya faɗo ba. Attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami shi ya karɓi hayar filin daga jami'ar Columbia, da niyyar a gina sabon gidan waƙe-waƙe na Metropolitan Opera da sauran gine-gine kewaye da shi, kasuwa na rushewa sai masu gidan waƙar suka janye a Disamba 1929 suka bar shi da fili da kuɗin haya a wuya. Da wani ne sai ya nannaɗe tabarmarsa ya jira gari ya yi kyau, shi kuwa sai ya ci gaba da ginin, aka ɗauki dubban ma'aikata, masu haɗa ƙarfe, birkiloli, kafintoci, leburori, ban da waɗanda ke can wasu jihohi suna narka ƙarfen da fasa dutsen. Ba na cewa don Allah ya yi, ɗan kasuwa ne, riba yake nema. Amma dai kuɗinsa sun shiga siminti da ƙarfe da aljihun talaka a lokacin da wasu suka ƙulle nasu. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki da fitar hoton aka yi zaɓe, Amurkawa suka kayar da Hoover suka ɗora Franklin Roosevelt, shi kuma gwamnatinsa ta buɗe manyan ayyukan hanyoyi da gadoji da makarantu, hukuma ɗaya kawai da ya kafa a 1935 ta ɗauki mutum sama da miliyan 8 aiki kafin a rufe ta a 1943.

Wani abin da masu turawa ba su sani ba, ko sun sani suka yi shiru, hoton talla ne. E mana, talla! Masu ginin ne suka gayyato masu ɗaukar hoto don a tallata benen, saboda suna tsoron kar a gama a rasa 'yan haya, ga dogon benen Empire State nan da aka buɗe a 1931 yawancin ofisoshinsa wayam ba kowa. A ranar ma an ɗauki wani hoton da wasu daga cikinsu suka miƙe a kan ƙarfen kamar masu barci. To ko wannan ya rage masa daraja? Ni dai a wurina a'a. An shirya zaman, amma ba a shirya mutanen ba, ma'aikatan wurin ne na gaske, ka dubi hannayensu da takalmansu da yadda suka saki jiki, ba wanda zai iya kwaikwayon wannan a ƙafa 850 in ba ya saba ba. Kuma babu igiya a ƙugun ko ɗaya daga cikinsu, babu hular kwano, sai 'yar hular yadi. Wannan ba abin tafi ba ne, abin tausayi ne, sai a 1970 Amurka ta yi babbar dokar tarayya kan kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, kafin nan Allah kaɗai ya san adadin waɗanda suka faɗo a irin waɗannan gine-gine.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sunaye. Sunan mai kuɗin yana nan a jikin gini kowa ya san shi, su kuwa mutum 11 ɗin nan ba wanda ya damu ya rubuta sunansu a ranar. Masu bincike sun yi ta fama daga baya, biyu kawai aka iya tabbatarwa. Iyalai daga ƙasar Ireland da wasu ƙasashen Turai sun sha fitowa suna cewa wancan kakanmu ne, wannan kawunmu ne, kuma ba abin mamaki ba ne don aikin ƙarfe a New York a lokacin cike yake da baƙi 'yan ci-rani, har da 'yan asalin ƙasar na ƙabilar Mohawk da suka yi suna wajen aikin sama. Shi kansa mai hoton ma an daɗe ana ja-in-ja, yawanci ana danganta shi ga Charles Ebbets, alhali akwai wasu masu hoto biyu a wurin ranar. Gilashin da aka wanko hoton daga jikinsa kuwa, duk da ya tsage, an adana shi a wani ɗakin ajiya mai sanyi a ƙarƙashin ƙasa a jihar Pennsylvania.

Mu ma nan muna da namu, shi ya sa abin ya taɓa ni. Duk wanda ya bi ta Abuja ko Legas ya san yaran da ke hawa bene da kwanon kankare a ka, silifa a ƙafa, da yawansu 'yan ci-rani ne daga arewa, da rana su zauna a kan bulo su sha garin kwaki da suga su koma. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a Nuwamba 2021 ya kashe mutum sama da 40, akasarinsu ma'aikata, yau mutum nawa ne zai iya kawo sunan ko da ɗaya daga cikinsu?

Roƙona gare ka Malam Edita, ka tura mai hotonku wuraren gine-gine a Kano ko Kaduna ko Abuja lokacin hutun cin abinci, ya ɗauko mana su, amma don Allah ya tafi da biro da takarda, ya rubuta sunan kowa da garinsu da nawa ake biyansa a yini, ya kuma tambayi ɗan kwangila ina hular kwano da igiya. In masu kuɗinmu da gwamnoni sun gani, wataƙila wani ya ji kunya ya buɗe aiki. Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, a gaida ma'aikata.

Naka,
wani mai karatu daga Kaduna