Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga 'Yan Zumuntarmu Ta Aikin Ido, Kaduna

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Baba Rabaran, ciyaman, iyayenmu mata, dattawa da matasa, ina gaisuwa. Ga rahoton shekara kamar yadda kwamiti ya ce in rubuta in tura ma kowa tun kafin miting, don kada mu zo ranar ana ta karatu mutane na gyangyaɗi. Lissafin kuɗi da adadin mutanen da aka duba yana hannun ma'aji, shi zai kawo takardarsa daban haɗe da rasit, ni nawa bayanin aiki ne.

Na gida tukuna, a gurguje tunda yawancinku da ku aka yi. Mun yi gwajin ido kyauta a harabar majami'u a Sabon Tasha, Narayi, Gonin Gora da Kujama, sannan muka je Maraban Rido wurin 'yan gudun hijira. Wanda aka ga yana buƙatar tiyata sai mu ba shi takarda zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa nan Kaduna, wasu kuma suka zaɓi asibitin ido na ECWA a Kano wanda tun 1943 yake wannan aikin. Ranar Gani ta Duniya, da ake yi Alhamis ta biyu ga watan Oktoba, bana ta faɗa 9 ga wata, mun yi ta a makarantun firamare, kuma abun da ya ba malamai mamaki shi ne yaran da ake ce ma daƙiƙai ashe wasunsu allo ne kawai ba sa gani daga baya. An dawo da su bencin gaba, waɗanda ke buƙatar gilashi an rubuta ma iyayensu.

To sai babbar maganar shekara, tafiyar Nijar.

Na san har yanzu akwai masu cewa me ya kai mu ƙasar wani alhali makafi na cike da Kaduna, kuma ba zan ce maganarsu ba ta da tushe ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce ta jawo wajen kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kusan kashi 17, kuma kashi 84 abu ne da ake iya karewa ko a warkar, arewa kuma ita ta fi shan wahala. Duk mun yarda. Amma mu nan mutum zai hau keke napep ya sauka ƙofar asibitin ido, su kuwa 'yan'uwan da suka gayyace mu a wani gari cikin jihar Maraɗi ɗan ƙaramin asibitin ikilisiya gare su, nas biyu, ba likitan ido ko ɗaya, kuma sun daɗe suna rubuto wasiƙa. Sannan Hausa ɗaya muke ji, ba sai an nemi tafinta ba, tsohuwa za ta faɗa ma likita damuwarta baki da baki. Kuma ba mu muka fara ba ai, mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi tun 1950, ga na Danja kusa da Maraɗi da aka sani da kula da masu kuturta. Sawu muka bi.

Shirin ya ci mana rai kam. Kun tuna bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe boda sai Maris 2024 aka buɗe, ga shi kuma Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun bana, shi yasa kwamiti ya ce duk mai tafiya sai da fasfo da katin rigakafin shawara, ba maganar "ai ni ɗan gida ne". 'Yan'uwan can suka nemo mana izinin hukumomin lafiya nasu kafin mu tashi, mu kuma muka rubuta kowane kwali da abun da ke cikinsa. Aka jira sai bayan kaka, a Nuwamba, don da damina ba manomin da zai bar gero a gona ya zo ya kwanta a rufe masa ido. Muka bi Zariya, Funtua, Katsina, Jibiya, muka tsallaka ta Ɗan Isa, tafiyar rana kawai, direba ya ce ko nawa za a ba shi ba ya bin hanyar nan da dare kuma ba wanda ya yi masa musu. Da aka zo canjin naira zuwa sefa kuwa, ma'aji ya kalli abun da aka miƙo masa ya yi shiru.

Yadda aikin ke tafiya, don waɗanda ba su je ba. Tun asuba layi ya kai bakin titi, wasu a amalanke aka kawo su, wasu yaro ne riƙe da sanda a gaba tsoho a baya. Matasanmu na rubuta kati, daga nan sai allon gwaji a nisan mita 6, irin mai harafi ɗaya da ke juyawa sama da ƙasa, mutum ya nuna da hannu inda ƙafafunsa suka kalla, ba ruwansa da iya karatu. Sai nas ta auna suga da hawan jini, likita ya haska ido ya raba mutane, na magani, na gilashi, na tiyata. Tiyatar yana ba ta kai yadda mutane ke tsoro ba, allurar kashe zafi ce a gefen ido mutum na farke, a ɗan tsaga a fitar da yanar a sa wani ɗan gilashin roba a madadinta, minti 20 ko ƙasa da haka an gama in hannu ya saba, a rufe da bandeji sai gobe. Janareta ce dai ta riƙa ba mu tsoro don madubin tiyata da tukunyar dafa kayan aiki duk a kanta suke, yaron da muka tafi da shi don ita kusan a gindinta ya riƙa kwana.

Safiyar cire bandeji ita kowa ke so. Akwai wani dattijo da ɗansa ya ce ya shekara da shekaru a ɗaka, nas ta ɓare filasta a hankali ta goge masa ido ta ɗaga yatsu ta ce Baba nawa ne nan, ya ce uku mana, sai ya sunkuya ya dubi gaban rigarsa ya juya wajen ɗan ya ce "ashe haka kuka bar ni cikin dauɗa ba wanda ya faɗa mini?" Duk ɗakin aka kwashe da dariya har shi. Jikansa da ke masa jagora kuwa Mama shugabar zumuntar mata ta kama hannunsa ta ce ma uban to yanzu ba sauran hujja, a mai da yaron nan makaranta.

Amma don Allah kada hotunan da kuka gani a waya su sa ku ɗauka kowa haka ya tafi. Wani tela, magidanci da bai wuce shekara 45 ba, ya zo daga nesa ya zauna cikin layin tiyata da kansa don ya ji labarin ana buɗe ma mutane ido. Idonsa fari tas ba yana ko kaɗan, da aka auna sai ga hawan jinin ido, ɗaya ya riga ya tafi ɗayan saura ɗan kaɗan. Likitanmu ya ja shi gefe ya zaunar da shi ya ce ɗan'uwa naka ba irin nasu ba ne, ruwan cikin ido ne ya yi yawa ya danne jijiyar gani, abun da ya mutu ba ya dawowa, sai dai mu tsare wanda ya rage da maganin ɗigawa. Mutumin ya ce likita ko kuɗi ne a faɗa mini zan sai da keken ɗinkin. Aka ce masa ba kuɗi ba ne. Ya daɗe bai ce komai ba sannan ya tambaya maganin ɗigawar nan na kwana nawa ne, aka ce har iyakar rai. Mun ba shi na 'yan watanni. Daga nan fa? Wannan tambayar ce ta biyo mu har Kaduna.

Irinsa ba ɗaya ba ne. Ga kuma waɗanda masu aikin gargajiya suka riga suka soke ma ido da tsinke suka tura yanar ciki, mutum ya ɗan ga haske kwana biyu daga baya ido ya kumbura ya lalace, kuma kada mu ce abun Nijar ne, binciken nan da na ambata ya gano kusan rabin idanun da aka yi ma aikin yana a Najeriya ta wannan hanyar aka yi. Ga mata masu amosanin ido da gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar, kowace da matsefata a ƙulle a bakin zane tana tsigewa yana sake fitowa. Ga masu zuwa kemis a ba su maganin ɗigawa mai ƙarfi su yi ta sawa wata da watanni don ƙaiƙayi har ya jawo musu hawan jinin ido. Abu ɗaya da ba mu ci karo da shi ba shi ne makantar da baƙin ƙudan bakin rafi ke kawowa, wadda mu a kudancin Kaduna muka san ta sarai, ta maganin Mectizan da ake auna tsayin mutum da sanda kafin a ba shi. A 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta kawar da ita, ƙasa ta farko a Afirka. Nan kam sun sha gabanmu.

Maganar tsofaffin gilasai da muka yi ta tarawa a majami'u, mun gode ma duk wanda ya kawo amma gaskiya kada a sake. Yawanci sun karce, wasu ƙafa ɗaya, kuma gilashin da aka yanka ma wani kowane ido da lambarsa, da wuya ya dace da wani mutum, matasa sun ɓata yini suna tonon kwali. Sababbin gilasan karatu da muka saya a sari, daga lamba 1 zuwa 3 da rabi, su suka yi aiki, don duk wanda ya haura 40 gani na kusa sai ya fara ja baya. Wata mai saƙa ta sa nata ta zura zare a allura nan take ta ce a ba ta na biyu ta kai ma kishiyarta.

Sai batun bishara, tunda an yi ta muhawara a kai kafin mu tafi. Wasu sun so a haɗa kati da takardar wa'azi, ko a yi wa'azi tukuna kafin a fara duba mutane. Faston can ya roƙe mu kada mu yi haka, ya ce kusan duk masu zuwa Musulmi ne maƙwabtansa, mu za mu hau mota mu tafi shi ne zai zauna da su, kuma mutumin da ba ya gani ya zo neman taimako bai kamata a sa masa sharaɗi ba. Baba Rabaran ya goyi bayansa, ni ma ina ganin daidai ne. Mun yi sujadarmu kowace safiya a fili ba a ɓoye ba, kowa ya san ko mu su waye da sunan wanda muka zo, wanda ya ce a yi masa addu'a an yi masa, wanda ya yi tambaya an amsa. Mai gari da limamin Juma'a da kansu suka sa aka yi shela, limamin ma ya karɓi gilashin karatu.

Yanzu ga abun da kwamiti ke so ku zo da tunaninku a kai. Wanda aka yi ma tiyata yana buƙatar a sake duba shi bayan sati ɗaya ko biyu, sannan wajen sati shida, mu kuwa lokacin muna Kaduna. Mun bar ma ɗaya daga cikin nas ɗin can magunguna da sunayen mutane, yana kiran likitanmu ta WhatsApp yana turo hoton ido, Allah ya saka masa, amma ba fanninsa ba ne kuma ko na'urar auna hawan jinin ido ba shi da ita. In muka ci gaba da zuwa sabon gari kowace shekara don a ce mun zaga, mun zama kamar mai shuka da ba ya komawa noma. Shawararmu ita ce baɗi a koma wuri ɗaya, a rage yawan masu tafiya, don gaskiya wasunmu ɗaukar hoto ya fi aikinsu yawa kuma kowace kujera a bas kuɗi ce, abun da aka rage a ɗauki nauyin nas ɗin nan ya zo Najeriya ya yi kwas na aikin ido, a saya masa abun auna ido, a kuma ware wani asusu na maganin ɗigawa don irin su telan nan ya riƙa tafiya duk wata uku. Na san wannan ba zai yi daɗin nunawa a majigi ranar godiya ba kamar hoton tsoho na dariya, amma likitocinmu duka bakinsu ɗaya a kai.

Godiya ga zumuntar mata da suka haɗa mana yaji, garin kunu da ƙuli-ƙuli, ga majami'un da suka yi baiko na musamman, ga likitoci da nas da suka ɗauki hutunsu na shekara suka kashe a kan wannan aikin ba a biya su ko sisi ba, da iyalan da suka saki mazansu da matansu suka bi hanyar Jibiya suna ta azumi da addu'a a gida. Mun yi rashin 'yan'uwa cikin shekara, za a karanta sunayensu a miting a yi addu'a domin iyalansu.

Waɗanda ake bi kuɗin wata-wata kun san kanku, ma'aji ya ce ba zai kira suna ba in an biya kafin ranar. Miting na nan Asabar ta farko bayan hutun sabuwar shekara a inda muka saba, ƙarfe goma na safe, goma ta agogo don Allah. Za a kaɗa ƙuri'a kan shawarar komawa wuri ɗaya, za a kuma zaɓi sabon mai kula da kaya, kuma duk wanda tocilan ko akwatin gwajin gilashi na zumunta ke gidansa ya taho da shi.

Naku cikin hidima,
Sakatare