Bohol kaɗai ba zai magance ruwan zartsi ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan ruwan sha a yankin Awe da Keana na jihar Nasarawa. Kowa ya san garuruwan nan da gishiri aka san su, mata sun gaji dafa shi tun kaka da kakanni, to amma gishirin da ke ciyar da su shi ne kuma yake shiga ruwan ƙasa. A wasu wuraren sai a kashe kuɗi a haƙa bohol, a zo a yanka kyalle a ɗau hoto, ruwa ya fito zartsi, ba ya shayuwa, sabulu ma ba ya kumfa da kyau, mutane su koma rafi ko su sayi jarka wajen 'yan garuwa.

Abin haushin shi ne maganin ba wani sabon abu ba ne. Injin da masu kamfanin fiya wata suke amfani da shi, wanda yake matsa ruwa da ƙarfi ta cikin filta mai tsananin laushi gishirin ya tsaya a baya, shi ne dai. Kuma zartsi ya fi ruwan teku sauƙin tacewa nesa ba kusa ba, ruwan teku kusan giram 35 na gishiri ne a lita ɗaya, zartsi bai kama ƙafarsa ba, don haka wutar da zai ci kaɗan ce, sola ma za ta ja shi. Birnin El Paso a Amurka tun 2007 suke tace irin wannan ruwan suna sha.

To wa zai biya? Ɗan kasuwa ba zai kai inji ƙauye ba tunda ba riba, dole gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su sa shi a kasafin kuɗi. Amma fa kar a tsaya a sayen inji, nan ne kullum ake yin kwaɓa. Filtar nan tana mutuwa bayan 'yan shekaru, sai an canza, ana buƙatar yaron gari da aka koya wa gyara kuma ake biyansa albashi duk wata. Sannan ragowar ruwan da injin yake zubarwa ya fi na farko gishiri, in aka sake shi a gona ya kashe ƙasa, sai a tanadi inda za a tara shi, ni da za a ji tawa a duba ko matan da ke dafa gishiri za su iya amfani da shi.

Kuma don Allah a riƙa gwada ruwan wuri kafin a ba da kwangilar bohol.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Lafiya