Ba sa'a ce kaɗai ta ɗaga Dolly Parton ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka sannu da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Na karanta rubutun da kuka buga a shafin nishaɗi kan mawaƙiyar nan ta Amurka, Dolly Parton, na kuma ji daɗi da aka tuna da ita, domin mu da muka taso a zamanin kaset mun san muryarta kamar yadda muka san ta Don Williams da Kenny Rogers. Sai dai marubucin ya ƙarar da rabin shafinsa kan gashin kanti da kwalliya da yawan dukiyarta, ya rufe da cewa tauraruwarta ce kawai ta haska. Wannan bai yi mini daɗi ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma gudun da matar nan ta ci shi ne ya kamata matasanmu su ji.

An haife ta ranar 19 ga Janairun 1946 a yankin duwatsun gabashin jihar Tennessee, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12. Mahaifinta manomi ne da bai iya karatu da rubutu ba, kuma da buhun garin masara ya sallami likitan da ya karɓi haihuwarta. Wata rana aka ba mahaifiyarta tarin tsummoki, ta zauna ta harhaɗa ƙyallayen ta ɗinka wa yarinyar rigar sanyi mai launi barkatai, tana ɗinki tana ba ta labarin Annabi Yusuf da rigarsa yadda ya zo a littafin Kiristoci. Yarinya ta sa riga ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi mata ca da dariya. Bayan ta girma, a cikin motar yawon wasa, ta ɗauki rasidin mai wanki da guga ta rubuta wannan labari a bayansa. Shi ne ya zama waƙar Coat of Many Colors ta 1971. Duk wanda ya taɓa zuwa makaranta da kwancen yayansa ya san abin da take faɗa, ko da bai ji Turanci sosai ba.

Tun tana shekara 10 take waƙa a rediyo da talabijin a birnin Knoxville, tana 13 ta hau dandalin Grand Ole Opry, wanda shi ne babban zauren kiɗan country, wato waƙar mutanen karkarar Amurka. Washegarin gama sakandare, a 1964, ta hau mota sai Nashville, cibiyar kiɗan country. Abin da ya fara ba ta abinci a can alƙalaminta ne: ita da kawunta Bill Owens suna rubuta waƙoƙi wasu mawaƙa suna rerawa, har suka kafa kamfaninsu na riƙe haƙƙin waƙa tun sunanta bai je ko'ina ba.

A 1967 mawaƙin country Porter Wagoner ya ɗauke ta cikin shirinsa na talabijin. Da farko 'yan kallo ba su yi na'am da ita ba, har ihu suke yi suna kiran sunan wadda ta gada, Norma Jean. Ta daure. Shekara 7 ta yi a ƙarƙashinsa, kuma da ta ga lokaci ya yi da za ta ci gashin kanta, maigidan ya ƙi sauraro. Sai ta je gida ta rubuta masa waƙar ban kwana, I Will Always Love You, ta dawo ta rera masa a ofis. Mutane da yawa suna ɗauka waƙar masoya ce, alhali baranya ce take yi wa ubangidanta sallama cikin mutunci. Duk da haka rabuwar ba ta zo da sauƙi ba, don a 1979 sai da ya maka ta a kotu.

To ga inda nake so a tsaya a duba. Waƙar ta kai matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin country da suka fi tashe a 1974, sai Elvis Presley, wanda a lokacin babu mawaƙin da ya kai shi suna a Amurka, ya nuna yana son ya rera ta. Manajansa, Kanar Tom Parker, ya gindaya sharaɗi: sai an ba su rabin haƙƙin mallakar waƙar. Dolly ta ce a'a. Ta sha faɗa cewa ta kwana tana kuka, kuma na kusa da ita sun ɗauka ta yi wauta. A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar a fim ɗin The Bodyguard, ta yi mako 14 tana kan gaba a jerin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard, kuma kason marubuci da na mai haƙƙi ya tafi wurin Dolly ba tare da an raba da gidan Elvis ba. Mai waƙa kamar mai gona ne: yana iya sayar da amfanin bana, amma ranar da ya sayar da gonar ya gama. A ganina wannan a'a da ta faɗa ta fi duk wata lambar yabo da aka ba ta nauyi.

Kuma da arziki ya zo ba ta manta da mahaifinta ba. Saboda shi ta kafa shirin Imagination Library a 1995, wanda ke aika wa yaro littafi ɗaya kyauta kowane wata daga haihuwa zuwa shekara 5. Littattafan da aka raba sun haura miliyan 200. Ko layi ɗaya rubutunku bai ba wannan ba.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai, Malam Edita, ɗan ƙanwata yana rubuta waƙa. Ya kwana yana gyara baitoci, ya biya kuɗin situdiyo daga aljihunsa, wani mai shirya fim ya saya da 'yan kuɗin da ba su kai ƙarshen wata ba, babu ko takarda. Yau ana sa waƙar a gidajen biki, tana yawo a YouTube da sunan wani, shi kuwa ko sisi. Irinsa suna da yawa a Kano da Kaduna da Jos, kuma akasarinsu ba su san akwai bambanci tsakanin ba da izinin amfani da waƙa da sayar da ita ɗungurungum ba.

Don Allah ina roƙon ku sake waiwayar labarin Dolly Parton ta wannan fuska. Sannan ku nemo lauya ko jami'in Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ya yi wa mawaƙanmu bayani da Hausa kan dokar haƙƙin mallaka ta 2022: abin da marubucin waƙa ya mallaka, abin da mai rerawa ya mallaka, da abin da ya kamata a rubuta a yarjejeniya kafin a karɓi kuɗi.

Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci.

Naku mai karatu a kullum,
daga Kaduna