Zuwa ga ƙanwata 'yar Bukuru mai neman dangin kakanta Bature

Assalamu alaikum ƙanwata,

Ranar walimar sallah da kika miƙe a gaban mutane kika jefo min tambayar nan na ce ki bari zan rubuto, don a lokacin ana ta rabon masa yara na ta ihu, ba mai sauraron dogon bayani. Kuma da aka tashi mata biyu sun ja ni gefe sun ce su ma akwai irin wannan maganar a gidansu sai dai ba a faɗa a fili, shi ya sa na ga gara in amsa miki inda kowa zai gani. Ba zan kama sunanki ba.

Ga waɗanda ba sa wurin, cewa ta yi kakanta wanda ya haifi mamarta Bature ne, ya yi aikin kuza a Bukuru wajen 1950, ya koma ƙasarsu mamar na goye, wasu a gidan na cewa ɗan Ailan ne wasu na cewa ɗan Sukotlan, abun da aka riƙe kawai sunansa na farawa da Mak. Sai wani ya ce mata kar ta wahalar da kanta in dai Ailan ce takardunsu duk sun ƙone. Shine take tambaya ta, tunda shekara da shekaru ina taya tsofaffi irin wannan binciken a laburaren unguwarmu a nan Gilasgo ta Sukotlan duk Asabar, wai da gaske ne, za ta iya samun danginsa, kuma (nan ne aka yi dariya) abun zai kai ga fasfo?

Toh bari in fara da maganar gobarar, don ita ce ke kashe wa mutane gwiwa. Gobara kam an yi. Ranar 30 ga Yuni 1922, yaƙin basasar Ailan na farawa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke harabar Four Courts a Dabilin ta tashi, masu adawa da yarjejeniyar da aka yi da Ingila ne suka mamaye wurin suka jibge albarusai a ciki, sojan sabuwar gwamnati suka yi ta yi musu ruwan igwa, takardun shekaru ɗaruruwa suka zama toka har iska na watsa guntayensu cikin gari. Ƙidayar jama'a ta 1821, 1831, 1841 da 1851 ta tafi sai ɓurɓushi, wasiyyoyi sun tafi, littattafan cocin Angilika na gundumomi kusan dubu sun tafi. Abun haushin ma shine ƙidayar 1861 zuwa 1891 ba wuta ce ta ci ta ba, gwamnati ce da hannunta ta lalata, biyu na ƙarshen an narka su aka sake yin takarda da su lokacin yaƙin duniya na farko.

Amma ki yi lissafi da kanki. Mutumin da yake aiki a Bukuru a 1950, ko da shekara 30 ko 40 gare shi, tsakanin 1910 da 1920 aka haife shi. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a Ailan ta fara kan kowa tun 1864, kuma ba a Four Courts ake ajiye ta ba, ko tartsatsi bai taɓa ta ba. Haihuwar da ta wuce shekara 100 tana nan a shafin intanet na IrishGenealogy kyauta, hoton shafin da kansa za ki gani da rubutun hannun magatakarda, aure kuma wanda ya wuce 75, mutuwa 50. Ƙidayar 1901 da ta 1911 ma sun tsira cif, su ma kyauta, gida gida, da sunan kowa da shekarunsa da addininsa da ko ya iya karatu, har ɗaki nawa ne a gidan da taga nawa ke fuskar gaba. Kinga kenan wutar ba ta shafi kakanki ba sam, kakan kakansa za ta shafa, kuma wallahi in kin kai nan ai kin ci riba.

In kuma ɗan Sukotlan ne, toh kin huta, don ni dai ban ga inda ya kai su iya ajiye lissafin mutane ba. Sun fara rajistar dole ranar 1 ga Janairu 1855, kuma takardarsu ta fi ta Ingila ciki nesa ba kusa ba. Takardar mutuwa na ɗauke da sunan uban mamaci da na uwarsa har da sunan gidansu kafin ta yi aure, ta aure na da iyayen ango da na amarya duka, ta haihuwa kuma yawanci har ranar da iyaye suka yi aure da garin da aka ɗaura. Takarda ɗaya na miƙa ki ga ta gaba kamar igiyar guga, in an yi sa'a a yini guda sai ki haye kakanni uku. Duk suna shafin intanet na ScotlandsPeople, duba suna kyauta ne amma buɗe hoton sai an biya ɗan kuɗi, kuma nan ne mutane ke ƙona fam ɗinsu suna buɗe na wanda ba nasu ba. Ƙidayarsu daga 1841 har 1921 tana nan, ta 1921 ɗin a ƙarshen 2022 aka sake ta, in an haifi kakanki kafin ƙidayar 1921 ɗin za ki gan shi yana yaro a gidan ubansa.

Matsalarki ta gaskiya ba wuta ba ce, Mak ɗin nan ne. Mak a Gelik, harshen gargajiyar mutanen Ailan da Sukotlan, "ɗan" kawai yake nufi, kamar yadda O na mutanen Ailan ke nufin "jikan", toh ki ɗauka wani ya sauka a Kwari ya ce yana neman Ɗan wani abu ɗan ƙasar Hausa. Kuma kar wani ya ruɗe ki da cewa mai "Mac" na Sukotlan ne mai "Mc" na Ailan, ba haka ba ne, magatakarda kowa yadda ya ga dama yake rubutawa, mutum ɗaya sai ki gan shi da rubutu uku a takardu uku. Ƙasashen biyu ma sun cakuɗa tun tuni, daga 1609 aka yi ta kwaso mutanen Sukotlan ana zaunar da su a arewacin Ailan, sannan da yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852 ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya ta kori wani miliyan ɗin, dubbai suka tsallako biranen Sukotlan irin su nan Gilasgo da Dandi neman abinci. Saboda haka ba mamaki duka ɓangarorin gidanku na da gaskiya, a Gilasgo aka haife shi iyayensa kuma daga Donegal ta Ailan suka zo, irinsu ba sa ƙirguwa a garin nan.

Abun da ake nema cikakken suna ne da wuri, kuma wurin ba "Ailan" ba, ba ma gunduma ba, ɗan ƙauyen. Ƙasar a yanke take ƙanana ƙanana da suke kira taunlan, sun fi dubu 60, wani bai wuce gonaki kaɗan ba, kuma da shi ake gane mutum don a gunduma ɗaya sai ki samu mutum ashirin suna ɗaya sak. Dalilin kuwa kusan irin namu ne, ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, sai dai su ba su da dabarar Abba da Ummi da Baffa da muke rabe su da ita, 'yan'uwa maza biyar kowa ya sa wa ɗansa Patrick shikenan an bar mu da ciwon kai.

Wannan bayanin kuma ba a Dabilin ko Edinbara yake ba, a Bukuru yake, a bakin tsofaffin da suka rage. Dan Allah ki bar kwamfutar nan tukuna ki kira gida. Duk tsohuwar da ta san kakarki a zauna da ita a ɗauki muryarta a waya, ɗan kuku ko direban da ya yi wa Turawan aiki a neme shi, wane suna ma'aikata ke kiransa da shi, wace coci yake zuwa ranar Lahadi, ta fada wato Katolika ko wata daban, don wannan kaɗai na raba miki hanya biyu, injiniya ne ko akawu, kafin zuwan Sarauniya Jos a 1956 ya tafi ko bayan nan. A zazzage akwatin kaka da adaka, hoto a juya bayansa, ambulan a duba kan sarki da hatimin gidan waya. Kuma a tambaya da ladabi, don wata tsohuwar ciwo ne ake taɓa mata ba labari ba.

In kin samu cikakken suna sai jirgin ruwa. A lokacin yawanci daga Libaful ake tasowa zuwa Legas a jiragen Elder Dempster, kuma jerin sunayen fasinjojin da suka fita Birtaniya daga 1890 zuwa 1960 na ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kew a Landan, na masu dawowa ma haka, an sa su a intanet. Akwai suna da shekaru da sana'a, a na shekarun baya bayan nan har adireshin mutum a gida, kuma Baturen kuza na zuwa hutu yana dawowa, sai ki gan shi sau uku sau huɗu. Adireshin nan shine bakin zaren.

Wani abu kuma, kar ki yarda da shekarun da ke takarda ido rufe. Akwai wani dattijo da na taya, kakar babansa a ƙidayar 1901 tana da 52, a ta 1911 ta zama 73, ya rantse ba ita ba ce. Ita ce. A 1908 aka kafa dokar fansho, mai ƙaramin ƙarfi da ya kai 70 har sule biyar a mako, kuma tunda babu rajista kafin 1864 ba mai takardar haihuwa a cikinsu, sai tsofaffin Ailan suka wayi gari duk sun tsufa, har ta kai ana tambayar mutum ko ya tuna daren babbar iska na Janairun 1839. Mu rage shekaru muke yi don aikin gwamnati su ƙari suka yi don fansho, na yi dariya ranar har mai gadin laburare ya leƙo.

In Allah ya sa kin wuce 1864 kina son ƙara nutsawa, akwai littattafan baftisma da aure na Katolika da babban laburaren Ailan ya sa a intanet kyauta tun 2015, sun kai wajen 1880, sai dai da yawa da Latin ne kuma rubutun wasu fada kamar kaza ta yi tono. Akwai kundin Griffith na 1847 zuwa 1864 mai sunan duk mai riƙe da gida ko gona da wanda yake biya wa haya. A Sukotlan kuma littattafan coci ne kafin 1855, mafi tsufa na garin Errol tun 1553, amma da giɓi sosai musamman bayan cocin ta dare biyu a 1843. Masu sayar da zanen ƙabila da tambarin gida a shagunan Edinbara kuwa ki riƙe kuɗinki, suna ɗaya ba jini ɗaya ba ne, tambari ma a dokarsu na mutum ɗaya ne ba na duk mai sunan ba.

Toh fasfo. In a tsibirin Ailan aka haifi kakanki, kudu ko arewa, doka ta ba jika damar shiga rajistar waɗanda aka haifa a waje ya zama ɗan ƙasa. In a Sukotlan ne akwai bizar asali ta shekara 5 da Birtaniya ke ba 'yan ƙasashen Kwamanwel, Najeriya na ciki. Sai dai duka biyun takarda suke so ba labarin gida ba, ta haihuwarsa, da ta mamarki mai sunansa a matsayin uba, da taki, kuma ta tsakiyar nan ce ke kayar da kusan kowa, don wa ya yi wa jaririya rajista a Bukuru a 1951 da sunan Baturen da ya riga ya hau jirgi? Gwajin DNA zai iya haɗa ki da 'ya'yan 'yan'uwansa, mutanen nan na yin sa sosai, amma kar ki ɗauka shi kaɗai zai ishe ki a gaban jami'i.

Kuma ki shirya ranki ƙanwata, zai yiwu ki tarar yana da mata da 'ya'ya a gida tun kafin ya zo, zai yiwu ki rubuta wa jikokinsa su rungume ki, zai yiwu kuma ki ji shiru har abada, duka na gani da idona. Ki fara tambayar mamarki ko tana so a tono, uban nata ne kafin ya zama kakanki.

Ƙarshen wata zan shiga Edinbara, in an samu hoton nan da kika ce yana wajen gwaggonki ki sa a ɗauko min bayansa da kyau, da rana ba da fitila ba, ko da rabin sunan ne ya rage. Ki gaishe min da Mama.

Yayarki ta Gilasgo