Amsa ga Malam Idi makanike: shin katalizar tsatsa take yi?

Malam Idi, barka da aiki, ya garaji ya zafin Tahoua. Ka tambaye ni a bainar jama'a, ka ce tunda iska ce ke cin ƙarfe har ya yi tsatsa, ashe katalizar da ke cikin eshafuma ita ma ruɓewa take yi, gara a cire a sayar. A'a wallahi.

Katalizar ita ce ke rage gubar hayaƙin mota. In ka fasa ta ai ka ga abin nan kamar saƙar zuma, yumɓu ne aka shafe ramukansa da ƙananan ƙwayoyin filatinom da faladiyom da rodiyom, giram kaɗan ne duka duka, su ne masu saye ke bi. Oksijin, wato ɓangaren iskar da ke sa tsatsa, bibbiyu yake zuwa a manne, da ya sauka kan filatinom mai zafi sai ya rabu kowane ya kama wurinsa, sai kabon monoksaid (CO), gubar nan da ke kashe mutane in an kunna gurup cikin ɗaki, ya zo ya zauna kusa da shi su haɗe su tashi sun zama CO2, iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ƙarfen kuma yana nan yadda yake. Amma sai ta yi zafi, wajen digiri 250 zuwa 300. Masanin kimiyya Gerhard Ertl na Jamus ya bi wannan aiki daki-daki, ya samu lambar yabo ta Nobel a 2007.

Inda kake da ƴar gaskiya shi ne, oksijin ba ya tsayawa a sama kawai. In ya yi yawa kuma ga zafi, wani yakan kutsa ƙarƙashin layin farko na ƙwayoyin ƙarfen ya ɗan buɗa su, a faladiyom ma har fata siririya yake yi. To da isansi ya ɗan yi yawa cikin hayaƙin sai CO ya zare oksijin ɗin, ƙarfe ya dawo. Tsatsar ƙarfen ƙofa kuwa ɓarewa take ta ci gaba da ci ciki, ba ta dawowa.

Abin da ke kashe ta daban ne. Dalma ce babba, amma ƙasashenmu na kudu da Sahara sun bar isansi mai dalma tun 2006. Saura motar da ke shan bakin mai, tokarsa ta rufe ƙwayoyin, da buji da ba ya kamawa, ɗanyen isansi ya je ya ƙone can ciki ya narkar da yumɓun. Don Allah in an kawo maka mota ta toshe, duba buji da segma, zobban fistan, tukuna, in ba haka ba sabuwar da za ka sa ma haka za ta mutu.