Tseren mota a tsakiyar Kaduna, wa zai kwashi ribar?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki.

Kwana biyun nan samarin majalisarmu sun ishe ni da bidiyon tseren motocin da kamfanin shirya tsere na NASCAR ya yi a titunan Shikago ta Amurka, wai me zai hana Kaduna ta yi irinsa tunda an faɗaɗa mana tituna, ga gadar Kawo ga Ali Akilu sumul. Ni ma fa ina son mota wallahi, mu da aka daɗe ana haɗa Fijo a Kakuri ai ba za a koya mana son mota ba. Amma ni ɗan kasuwa ne, lissafi nake fara yi.

A 2023 suka fara tseren na Shikago, hanyar kilomita 3.5 ce mai lanƙwasa 12, ta zagaye filin shaƙatawa na Grant Park a tsakiyar gari. Kuɗin izinin da kamfanin ya ba birnin a shekarar farko dala 500,000 ne, sai dala 2 a kan kowane tikiti da wani kaso na cinikin abinci. Ga birni kamar Shikago wannan ai kuɗin cefane ne. Otal-otal sun cika, an haska garin a talabijin duniya ta gani, ban musa ba. Sai dai tseren kwana biyu ne, amma kafa shingen kankare da wayar kariya da wurin zaman ƴan kallo da kuma kwashe su, makonni yake ci tituna na rufe. A shekarar farkon ma ruwan sama ya tsuge, aka soke wasannin mawaƙa, aka rage zagayen tseren. Sau uku suka yi, 2026 ba su sa Shikago a jadawali ba.

To yanzu dan Allah a ce an rufe Ahmadu Bello Way daga shataletalen NEPA zuwa Leventis na sati uku. Mai Keke ya bi ta ina? Wanda ya ɗauko mara lafiya zai kai asibiti fa? Ƴan kasuwar Sheikh Gumi su sauke kaya a ka? Ni na ɗanɗana, lokacin da aka yi aikin titi a gaban shagona wata huɗu kwastoma ba ya iya fakin, har wata Hajiya da ta shekara goma tana sayen atamfa a wurina ta bugo waya ta ce Alhaji ka yi haƙuri na samu wani wajen, kuma har yau ba ta dawo ba. Wancan dai aƙalla titi muka samu. Wannan kuwa mai otal ne zai ƙirga kuɗi, mai shayi da mai faci su ƙirga kwanaki.

Ga kuma yaranmu da ko a ɗaurin aure sai sun yi wasan mota sun kaɗe mutane, a nuna musu haka a kan titin da suke bi kullum, hmm.

In da gaske ake so, masu kuɗi su nemi fili a bayan gari ta hanyar Zariya ko Kachia su gina wajen tsere, kamar yadda ƴan folo suke da nasu filin. Ni zan fara sayen tikiti, har yaran shago zan biya wa.

Naku, mai karatu daga Unguwar Sarki, Kaduna.